Babi na Shida: Ƙananan Labarai daga Tsibirin Skye

Wanda ya ɗauki jaridar mako ta tsibirin Skye yana neman irin abin da manyan gidajen rediyo ke kira labari, ba zai daɗe da ita a hannu ba. A shafin farko zai tarar jirgin fito ya lalace, an soke tafiya. A ciki zai ga farashin 'yan raguna a kasuwar dabbobi ta Portree, da kukan makiyaya kan gaggafar teku da suka ce tana sure musu 'ya'yan tumaki, da sakamakon shinty, wasan sanda da ƙwallo da mutanen tsaunukan Sikotland ke ji da shi. Can baya kuma, cikin ƙananan haruffa, ga sanarwar rasuwa, ga godiyar iyalan mamaci ga waɗanda suka zo jana'iza, ga otal yana neman mai dafa abinci, ga kiran taron kwamitin makiyaya a zauren ƙauye.

Jaridar da nake nufi ita ce West Highland Free Press. Ba ita kaɗai ba ce a wannan yanki na arewa maso yammacin Sikotland. Oban Times tana fitowa tun 1861, Stornoway Gazette tun 1917 a tsibirin Lewis, mutanen Uist kuma suna da tasu ta al'umma, Am Pàipear, tun 1976. Na zaɓi ta Skye ne domin a shafukanta aka fi gani ƙarara cewa waɗannan ƙananan labarai duk rassan tambaya guda ne: mutane za su ci gaba da zama a nan, ko za su tattara su tafi?

Alƙaluma uku sun isa su nuna dalilin da ya sa tambayar ba ta barin zukatansu. A ƙidayar 1841 an sami mutum fiye da 23,000 a Skye. A 1971 sun koma kimanin 7,000. A 2011 suka ɗan farfaɗo zuwa 10,000. Ƙasar da ta yi asarar kashi biyu cikin uku na mutanenta tana sauraron labarin rufe makarantar firamare da wani irin kunne dabam. In malamar jinya ta bar aiki ba a kawo wata ba, ko banki ya rufe reshensa, ko aka rage zuwan jirgi, mai karatu a can yana lissafin gida nawa ne wannan zai kora.

Ba annoba ce ta kwashe mutanen ba, ba kuma yaƙi ba. Bayan faɗan Culloden na 1746 gwamnatin Birtaniya ta karya ikon shugabannin dangogi, su kuma shugabannin suka rikiɗe a hankali daga iyayen dangi zuwa masu ƙasa masu karɓar haya. Da suka ga tumaki sun fi mutane kawo kuɗi, sai aka shiga tashin ƙauyuka ana mai da su makiyaya. Ciwon dankali na 1846 ya ƙara dagula al'amarin, domin dankalin ne abincin talaka. A 1853 wakilan Lord Macdonald suka kori mutanen Boreraig da Suisnish a kudancin Skye, aka fitar da su daga ɗakunansu da ƙarfi. Wasu suka ƙare a Kanada, wasu a Ostireliya, wasu a unguwannin talakawan Gilasgo. Kangon gidajen nan na dutse yana nan har yau a bakin teku, babu hanyar mota da ke kaiwa gare shi.

Ranar da tura ta kai bango ta zo a watan Afrilun 1882, a wani yanki da ake kira Braes, kudu da Portree. Rigimar a kan makiyaya ce. Manoman wurin sun ce tsaunin Ben Lee nasu ne tun kaka da kakanni, an ƙwace an ba mai tumaki haya, don haka ba za su ƙara biyan kuɗin haya ba sai an maido musu. Aka aiko da takardun kora, suka sa ɗan aiken ya ƙone su. Sai hukuma ta ɗebo 'yan sanda kusan 50 daga Gilasgo suka dira da asuba. Mazan da yawa ba sa nan, mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka tare su da duwatsu da sanduna. An fasa kawuna, an kama mutum biyar. Abin da ya bambanta wannan rana da sauran ranakun zalunci da suka gabace ta shi ne akwai 'yan jarida a wurin. Cikin 'yan kwanaki mutanen Edinbara da Landan suka karanta abin da ya faru a wani lungu da ba su taɓa jin sunansa ba.

A 1883 gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Napier, kuma a Braes ɗin ya fara zama. Mutum na farko da ya tashi ba da shaida, Angus Stewart, bai fara da ƙorafinsa ba. Sai da ya nemi tabbacin cewa mai ƙasa ba zai kore shi daga gonarsa ba saboda abin da zai faɗa. Wannan roƙo kaɗai ya bayyana halin da ake ciki fiye da shafuka ɗari na rahoto. Bayan shekara uku, a 1886, majalisa ta yi dokar da ta hana korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, ta sa hukuma ta tsayar da haya ta adalci, ta kuma ba shi ikon barin gonar ga magajinsa.

Wannan 'yar gona da dokar ta kare ita ake kira croft, kuma sai mutum ya fahimce ta kafin ya fahimci rabin abin da ke cikin jaridar. Yawanci 'yan kadada ne kaɗan a kusa da gida, inda ake yin ciyawa da dankali, haɗe da rabo a makiyayar da duk ƙauyen ke tarayya a kanta a bisa tsauni. Akwai irinta kimanin 20,000 a arewacin Sikotland da tsibiranta. Ba ta ciyar da iyali ita kaɗai, shi ya sa mai ita kan zama direban bas ne kuma, ko masunci, ko ma'aikacin gidan waya. Kowace makiyaya tana da kwamiti da magatakarda, an kuma ƙayyade yawan tumaki da shanun da kowane gida zai kora can. Doka ta ce in mutum zai miƙa gonarsa ga wani, ko zai cire wani yanki daga cikinta don gina gida, sai an buga sanarwa a jaridar yankin domin mai ƙorafi ya kai ƙorafinsa ga hukumar da ke Inverness. Saboda haka waɗannan ƙananan haruffa na shafin baya su ne mai shelar gari, kuma akwai tsofaffin da daga nan suke fara karatu.

Aikin makiyayar ma na gayya ne. Ranar tattara tumaki, da sassafe maza da mata ke hawa tsaunin da karnukansu, kowa ya kama ɓangarensa, ana sarrafa karnukan da fito da kira har garken ya gangaro wuri guda. A gindin tsaunin akwai shinge na dutse ko na katako mai lunguna. A nan ake rarraba dabbobin, ana duba tsagar kunne da fentin da aka shafa a gashin bayansu don sanin ta wane ce. A yi musu allura, a tsoma su a ruwan magani, in lokacin aski ne a aske su. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. In gidaje biyar suka rage a ƙauyen da dā yake da ashirin, kuma uku daga cikinsu tsofaffi ne, to ranar tattarawa ta zama matsala, tsaunin kuma ya fara komawa daji. Wannan shi ya sa sanarwar miƙa gona ga wanda ba zai zauna a ƙauyen ba take tayar da hankali.

A watan Afrilun 1972, daidai lokacin da yawan mutanen Skye ya kai ƙasa, wasu samari da suka fito daga Jami'ar Dundee suka sauka a Kyleakin, ƙauyen da jirgin fito ke tsayawa a lokacin, suka fara buga West Highland Free Press. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Brian Wilson, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar Birtaniya a jam'iyyar Leba daga 1987 zuwa 2005, har ya riƙe minista. Ba su da kuɗin kirki. Abin da suke da shi shi ne matsayi, kuma ba su ɓoye shi ba. A saman jaridar suka ɗora taken tsohuwar ƙungiyar neman haƙƙin ƙasa ta ƙarni na 19 da harshen Gelik: ƙasa, harshe da jama'a. Sun bi sawun John Murdoch ne, wanda ya buga jaridar The Highlander a Inverness daga 1873 zuwa 1881 yana zuga manoma su daina sunkuyar da kai. Kafin zuwan samarin nan, an saba ganin mai ƙasa a jarida yana buɗe bikin baje kolin dabbobi ko yana raba kyaututtuka. Su kuwa sai suka shiga tambayar nawa ya sayi ƙasar, nawa gwamnati ta ba shi tallafi, a ina yake kwana, kuma me ya hana.

Sun sami abin rubutu a Raasay, wani siririn tsibiri da ke gabas da Skye, wanda mutanensa ba su kai 200 ba. A farkon shekarun 1960 wani likita mazaunin Sussex a kudancin Ingila, Dakta John Green, ya sayi babban gidan tsibirin da wasu gine-gine da filaye. Da ƙyar yake leƙa wurin. Gidan ya lalace a hannunsa, kuma da aka nemi ɗan fili a gina matsayar jirgin da zai riƙa ɗaukar motoci, sai ya ƙi, ya yi ta jan maganar shekara da shekaru. Jama'a suka laƙaba masa suna Dakta A'a. Jaridar ta riƙe maganarsa ba ta saki ba, har ta zama abin kunya ga hukuma. Jirgin motoci ya fara zuwa Raasay a tsakiyar shekarun 1970, kuma a 1979 hukumar raya yankin ta sayi kadarorin daga hannunsa.

A arewacin wannan tsibiri ne, a shekarun nan dai, wani mutum yake aikin da ya fi kowane sharhin jarida faɗin gaskiyar lamarin. Calum MacLeod, haifaffen 1911, manomi ne a ƙauyen Arnish, yana raba wasiƙu, yana kuma taimakawa a hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta tsibirin Rona. Hanyar mota ta Raasay a Brochel ta tsaya, kusan mil biyu kafin Arnish. Daga nan sai sawun ƙafa a gefen dutse. Shekaru da dama mutanen arewacin tsibirin suna rubuta wa ƙaramar hukuma takardar roƙo a ƙarasa musu hanyar, ana ce musu babu kuɗi. Mara lafiya sai a ɗauke shi a kafaɗa ko a kwalekwale. Yaron da ya gama firamare sai ya tafi makarantar kwana a Portree, kuma 'yar Calum tilo tana cikin waɗanda suka tafi haka. Gida bayan gida, maƙwabtansa suka rufe ƙofa suka bar wurin. Shi kuwa ya yi ta aika wasiƙu ga jaridu yana cewa hukuma ce ke kashe ƙauyukan da gangan ta hanyar hana su abin da kowa ke samu.

Wajen 1964 ya daina jira. Ya sayi wani tsohon littafi kan gina hanya da aka buga a 1900, ya ɗauki diga da shebur da guduma da baro, ya fara. Ƙasar wurin ba ta wasa ba ce: dutse ne mai tauri, ga laka mai haɗiye ƙafa, ga gangaren da ke faɗawa teku kai tsaye. Sai ya sare bishiyoyi ya tumɓuke saiwoyinsu, ya haƙe lakar har ya taɓo ƙasa mai ƙarfi, ya jera manyan duwatsu a ƙasa, ya bi su da matsakaita, ya rufe da tsakuwa. Inda ruwa ke gangarowa ya gina kwalbati da dutse. Inda hanyar ke bin bakin gangare ya tayar da bango ba siminti, dutse kan dutse, kowanne ya juya shi har sai ya zauna daram. Ma'aikatar gona ta taimaka da fasa wasu duwatsun da nakiya, amma ɗauka da jerawa duk hannunsa ne, kuma yana yin wannan ne bayan ya sallami dabbobinsa da aikin fitila. Ya shafe kimanin shekara goma a kai.

Da ya gama, wajen 1974, shi da matarsa kaɗai suka rage a Arnish. Hukuma ta karɓi hanyar ta zuba mata kwalta a 1982, shi kuma ya rasu a 1988. Roger Hutchinson, wanda ya daɗe yana rubutu a West Highland Free Press, ya ba da labarinsa a littafin Calum's Road na 2006. Masu yawon buɗe ido kan ɗauki labarin a matsayin na jarumtar mutum guda, kuma jarumtar gaskiya ce. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mil biyu kacal ne. Da hukuma ta gina su a lokacin da aka fara roƙo, da ƙila akwai yara a Arnish.

Rigimar da ta fi kowace cika shafukan jaridar ita ce ta gada. A watan Oktoban 1995 aka buɗe gadar da ta haɗa Skye da babban yankin ƙasar, tsakanin Kyle of Lochalsh da Kyleakin. Gwamnati ba ta gina ta da kuɗinta ba. Ta ba wani kamfani ne, wanda Bank of America ke cikin masu zuba masa jari, ya gina ya riƙa karɓar kuɗin wucewa. Ranar da aka buɗe gadar aka janye jirgin fiton da ke wurin, saboda haka babu zaɓi a wannan mashigar. A lokacin bazara ƙaramar mota kan biya sama da fam 5 zuwa, ta sake biyan haka dawowa, a kan ruwan da faɗinsa bai wuce rabin kilomita ba. Mai kai tumaki kasuwa, da mai zuwa asibiti a Inverness, da mai kawo burodi, duk sai sun tsaya a tagar karɓar kuɗi.

Tun daren farko mutane suka jera motoci suka isa tagar suka ce ba za su biya ba. Ba su fasa komai ba, ba su doki kowa ba. Direba zai tsaya, ya ba ɗan sanda sunansa da adireshinsa, a rubuta, ya wuce, gobe ya dawo ya maimaita. Aka gurfanar da ɗaruruwa, kuma aka kai shari'ar kotun Dingwall, can gabashin ƙasar, tafiyar sa'o'i, don haka kowane zama asarar yini ne. An sami fiye da mutum 100 da laifi, wasu har sun kwana a kurkuku, cikinsu da dattawan da ba su taɓa taka ƙofar kotu ba. Shekara tara ana wannan. Manyan jaridu kan zo su ɗauki hoto su tafi, amma ta gida ce ta bi kowane zaman kotu da kowace takardar kwangila. A ranar 21 ga Disamban 2004 gwamnatin Sikotland ta sayi gadar a kan kimanin fam miliyan 27 ta soke kuɗin. Hukuncin da aka yanke wa waɗanda suka ƙi biya bai tafi tare da shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum faɗan da na waje ake yi. Tsakaninsu ma akwai saɓani mai zurfi, kuma mafi daɗewa shi ne na ranar Lahadi. A Lewis da Harris da Raasay da wasu sassan Skye, majami'un Furotesta masu tsauri sun riƙe ranar a matsayin ta ibada zalla: ba ciniki, ba aikin gona, ba shanya wanki. A 1965, da aka fara fiton Lahadi zuwa Skye, wani limamin coci, Angus Smith, ya kwanta a kan hanyar da motoci ke sauka daga jirgi a Kyleakin, sai da 'yan sanda suka ɗauke shi. Jirgin sama bai fara sauka Stornoway ranar Lahadi ba sai 2002, jirgin ruwa sai 2009, kuma a 2024 ma an yi ta muhawara kafin kantin Tesco na garin ya fara buɗewa a ranar. Wasiƙun masu karatu kan wannan batu sukan yi zafi. Ina ganin bai dace baƙo ya yi wa masu riƙe ranar kallon waɗanda zamani ya bari a baya ba. Da yawansu suna ganin ita ce abu na ƙarshe da bai shiga kasuwa ba. Ɗaya ɓangaren ma yana da hujja: ɗalibin da ke son ya kwana gida ya koma makaranta, da mai jinyar da ke son ya ga mahaifiyarsa a asibiti.

Harshe ma haka. Jaridar tana da shafin Gelik, an kafa kwalejin Sabhal Mòr Ostaig a kudancin Skye a 1973, tashar talabijin ta BBC Alba ta fara aiki a 2008, yara kuma suna karatu da harshen a makarantu da dama. Duk da haka, a tsibiran yamma, su Lewis da Harris da Uist, inda ya fi ƙarfi, masu jin sa sun sauko daga kashi 52 cikin ɗari a 2011 zuwa kashi 45 a 2022. Harshen yana ƙaruwa a aji yana raguwa a gida, domin ƙauyen da ke magana da shi ne ke tsufa.

Yau barazanar ta canza kama, kuma ta fi wuyar nunawa da yatsa. Tun da aka soke kuɗin gada, baƙi suka yi ta kwarara. Fiye da rabin miliyan kan zo Skye a shekara su ga dutsen Old Man of Storr da tafkunan Fairy Pools, a kan hanyoyin da mota ɗaya kawai suke ɗauka, sai an raɓe a wuraren da aka tanada kafin wata ta wuce. Kuɗi ya shigo, babu musu, kuma iyalai da yawa da baƙin nan suke ci. Amma gidan da za a ba ɗan gari haya na wata, in aka sa shi a Airbnb zai kawo wannan kuɗin cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sayar da gidansa a Landan ya yi ritaya yana iya taya gida a farashin da ma'aikacin jinya ba zai taɓa kaiwa ba. Dokar 1976 ta ba manomi ikon sayen gonarsa daga mai ƙasa a kan ninki 15 na hayar shekara. An yi ta da kyakkyawar niyya, sai dai ta buɗe ƙofar yanka gonar a sayar da filin gida, har ita kanta hayar gonar ta zama hajar da ake tallatawa. Sakamakon yana fitowa a jarida kusan kowane wata: otal ya rage kwanakin aiki domin ma'aikata ba su da wurin kwana, an ɗauki malami ya ƙi zuwa domin bai sami gida ba, matasa ma'aurata suna zaune a cikin tirela a bayan gidan iyaye. A wannan karon mai sayarwar sau da yawa maƙwabci ne ko ɗan uwa, kuma rubuta labarinsa ya fi rubuta na Dakta Green wuya nesa ba kusa ba.

Tsohuwar matsalar ma ba ta kau ba. Har yanzu mutanen da ba su kai 500 ba ne ke riƙe da rabin ƙasar karkarar Sikotland da ke hannun masu zaman kansu. Abin da ya canza shi ne jama'a sun gano za su iya sayen ƙasar da kansu. Manoman Assynt suka fara a 1993, mutanen tsibirin Eigg suka bi a 1997 da fam miliyan 1.5, sai Knoydart a 1999, Gigha a 2002, Uist ta Kudu a 2006, kuma dokar 2003 ta ba al'umma haƙƙin fara tayawa. Ko inda gwamnati ce mai ƙasa, sai an sa ido. A 2013 jami'ai suka ɗauke hayar farautar barewa ta Raasay daga ƙungiyar manoman tsibirin, waɗanda suka shekara 18 suna riƙe da ita, suka ba wani kamfani na waje domin ya ɗara su tayi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Labarin ya fita, hayaniya ta kai majalisar Edinbara, cikin 'yan makonni aka janye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya sami inda zai faɗa a ji.

Jirgin fito kuwa bai taɓa barin shafin farko ba. Jiragen kamfanin gwamnati na CalMac sun tsufa. Biyun da aka ba da kwangilarsu a 2015 a kan fam miliyan 97, da alkawarin gamawa a 2018, na farkonsu, Glen Sannox, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairun 2025, bayan kuɗin ya ninka sau da yawa. In jirgi guda ya lalace sai a janye na wani tsibiri a toshe gurbin, kuma ƙaramin tsibiri ne ke shan wahalar. A watan Yunin 2023 aka soke jirgin Lochboisdale na Uist ta Kudu kusan wata guda cur, a tsakiyar lokacin baƙi. Mutum wajen 500 suka fito zanga-zanga a matsayar jirgin, da motoci da manyan motocin kaya, a tsibirin da jama'arsa ba su kai 2,000 ba.

Ita kanta jaridar tana cikin halin da sauran jaridun karkara ke ciki. A 2009 ma'aikatanta suka saye ta, ta koma hannun masu yi mata aiki. Amma tallace-tallacen da dā ke riƙe ta, na sayar da tarakta da neman ma'aikaci, yawancinsu sun koma Facebook, inda ake kuma jin an soke jirgi ko tunkiya ta ɓata cikin minti guda. A wajen sauri babu gasa. Sai dai wani aikin ba ya yiwuwa a waya. Dole wani ya zauna sa'a uku a taron hukumar lafiya ko na ƙaramar hukuma, wadda hedikwatarta ke Inverness, fiye da mil 100 daga Portree, ya rubuta abin da aka yi alkawari, ya ajiye, ya dawo baɗi ya tambaya. Kuma dole ya yi haka alhali gobe zai haɗu da wanda ya rubuta labarinsa a layin biyan kuɗi a kanti, ko a bakin kabari.

Asibitin Portree misali ne na kusa. A 2018 wani bincike ƙarƙashin Sir Lewis Ritchie ya ba da shawarar a riƙa karɓar masu larurar gaggawa a can dare da rana, hukumar lafiya kuma ta amince. Shekaru suka yi ta wucewa ana rufe ƙofar da dare, ana cewa babu ma'aikata, ma'aikatan kuma babu gidan da za su zauna. Mutanen arewacin tsibirin suka kafa ƙungiya, suka yi ta taro da jerin gwano, jaridar tana kawo kowane uzuri tare da ranar da aka ba da na baya. A watan Mayun 2024 aka sami larurori masu tsanani a garin cikin dare guda asibitin yana kulle, maganar ta kai gaban shugaban gwamnatin Sikotland a majalisa. A watan Agustan shekarar aka maido da aikin dare, shekara shida bayan rahoton.